Ina Ikon Tunani Ya Tsaya? Darasi Daga Littattafan Gyaran Zuciya

Batun wannan shiri na faɗakarwa a yau shi ne littattafan da ke magana a kan zuciya da tunani da gyaran hali, irin waɗanda ake samu a rumfunan masu sayar da littattafan addini na Kasuwar Kurmi a Kano, da na Turanci waɗanda ake shimfiɗawa a bakin ƙofofin jami'o'i, da kuma waɗanda matasa ke tura wa juna ta waya. Dukkansu sun haɗu a kan cewa abin da mutum ke saƙawa a ransa yana da tasiri a rayuwarsa, amma sun sha bamban a kan iyakar wannan tasiri, kuma a wannan bambancin ne amfanin littafi ko cutarwarsa ke bayyana. Tambayar shirin ɗaya ce. Ina ikon tunani ya fara, ina kuma ya tsaya?

Shirin ya kasu kashi huɗu. Kashi na farko zai gabatar da Imamu Gazali da babban littafinsa, na biyu zai bayyana yadda tunani ke zama aiki, na uku zai auna littattafan zamani da ke alkawarin arziki ta hanyar tunani, na huɗu kuma zai kawo ƙa'idojin karanta irin waɗannan littattafai. Masu sauraro, ku gyara zama.

Ga kashi na farko.

An haifi Abu Hamid Muhammadu Algazali a shekarar 1058 a garin Ɗus, cikin ƙasar Iran ta yau, ya yi karatu a Naisabur a wajen babban malamin nan Aljuwaini, wanda ake yi wa laƙabi da Imamul Haramaini, kuma a shekarar 1091 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a kan kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya da ke Bagadaza, inda ɗalibai kimanin 300 suke ɗaukar darasi a gabansa. Ya kai matsayin da kowane malami ke buri a zamaninsa. Sai dai a shekarar 1095, kamar yadda ya bayyana da kansa a littafinsa Almunƙizu Minad Dalali, ya binciki niyyarsa ta koyarwa, ya tarar cewa neman suna da ɗaukaka ne ke tura ta, ya shafe kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin ya bar kujerar ko ya ci gaba da zama, har harshensa ya sarƙe ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shiga cikinsa, likitoci kuma suka ce ciwon daga zuciya ya taso, maganinsa ba ya hannunsu. Daga nan ya raba dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya nufi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya yini a ciki, sannan ya wuce Ƙudus, ya yi aikin hajji, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai a shekarar 1106. Ya rasu a garinsu a shekarar 1111.

A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini, wato raya ilmomin addini, littafi mai ɗauke da ƙananan littattafai 40 da aka kasa gida huɗu, goma goma. Gida na farko ibada ne, na biyu al'amuran yau da kullum kamar ci da aure da neman halal, na uku abubuwan da ke halakar da zuciya, irin su hassada da fushi da rowa da riya da girman kai, na huɗu kuma abubuwan da ke tsirar da ita, irin su tuba da haƙuri da godiya da tawakkali da ikhlasi. Littafin ya kai Afirka ta Yamma tun da daɗewa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu suna yawan kafa hujja da maganar Gazali a rubuce-rubucensu na tarbiyya. Ko ɗalibin da bai taɓa riƙe Ihya'u ba ya san ƙofar wannan ilimi, domin littafin Ahalari da ake farawa da shi a makarantun zaure ya gabatar da tuba da tsare harshe da barin hassada da riya da jiji da kai tun kafin ya shiga hukuncin tsarki da salla.

Masu sauraro, wannan shi ne mutumin da littafinsa. Yanzu ga kashi na biyu, wato yadda tunani ke zama aiki.

A littafi na 21 cikin Ihya'u, wanda ya keɓe don bayanin abubuwan al'ajabi na zuciya, Gazali ya nuna cewa babu aikin da gaɓoɓi ke yi sai ya bi ta matakai huɗu a cikin zuciya tukuna. Mataki na farko shi ne ɗarsuwa, wato tunanin da ke faɗo wa mutum ba tare da ya kira shi ba. Na biyu karkata, wato ɗabi'a ta ji sha'awar abin da ya ɗarsu. Na uku hukunci, wato zuciya ta yanke cewa ya dace a aikata. Na huɗu azama, wato mutum ya ɗaura niyya ya nufi aikatawa. A sake ji: ɗarsuwa, karkata, hukunci, azama.

Mai sauraro ya dubi tela a daren jajibirin Salla, wanda aka kawo masa shadda yadi goma, ya yanka riga da wando da 'yar ciki, yadi ɗaya da rabi ya ragu a kan tebur. Abin da ya fara faɗo masa shi ne mai kayan bai san an samu ragowa ba, wannan ita ce ɗarsuwa. Sai ya tuna ƙaramin ɗansa ba shi da sabuwar riga, ransa ya biya, wannan ita ce karkata. Sai zuciya ta ce ai kowane tela haka yake yi, kuma kuɗin ɗinkin ma an rage masa, wannan shi ne hukunci. Sai ya ƙudurta zai ninke ƙyallen ya tura shi ƙarƙashin keke idan yaran shago sun fita, wannan ita ce azama. Har zuwa nan hannunsa bai taɓa komai ba, amma an gama aikin a ciki.

Amfanin wannan rabe-rabe yana da girma ta fuska biyu. Ta fuska ta farko, Gazali ya bayyana cewa ba a kama mutum da ɗarsuwa, ba a kuma kama shi da karkata, domin ba su cikin zaɓinsa, kuma wannan bayani sauƙi ne babba ga masu fama da waswasi, waɗanda ke zaton duk mugun abin da ya gilma a ransu ya zama zunubi a wuyansu. Ta fuska ta biyu, ya nuna cewa hisabi yana hawa kan mutum ne idan zaɓi ya shigo, musamman a wajen azama, ta yadda wanda ya ɗaura niyyar ɓarna ya fasa don tsoron Allah za a rubuta masa lada, wanda kuwa wani cikas ne ya hana shi, niyyar tana nan a kansa. Saboda haka aikin mai neman gyara shi ne ya koyi tsayawa tsakanin mataki na biyu da na uku, wurin da zuciya ke fara kawo uzuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A littafi na 39 kuma ya yi bayanin tafakkuri, wato tunani mai zurfi wanda mutum ke yi da gangan, ya fassara shi da haɗa ilimi biyu a zuciya domin su haifar da na uku. Telan nan ya san cewa amana ita ce jarin mai sana'a, ya kuma san cewa abin da aka ɓoye ba ya ɓoyuwa har abada, idan ya haɗa biyun sai ya gane cewa yadi ɗaya da rabi bai kai darajar sunansa ba, balle lahirarsa. Idan wannan sani ya zauna, yanayin zuciya ya sauya, idan yanayin zuciya ya sauya, hannu ya sa ragowar a cikin ledar mai kaya. Wannan ita ce jimlar da ake so mai sauraro ya riƙe daga shirin yau: tunani yana sauya zuciya, zuciya tana motsa gaɓoɓi, gaɓoɓi ne ke yin aiki.

Gazali bai bar al'amarin a nazari kawai ba, ya tsara masa aikin yini a littafi na 38, inda ya jera matakai shida. Da asuba mutum ya gindaya wa ransa sharuɗɗan abin da zai yi da abin da zai bari, cikin yini ya sa wa kansa ido, da dare ya yi wa kansa hisabi kamar yadda ɗan kasuwa ke zama da abokin cinikinsa a fitar da uwa da riba, idan ya ga gibi ya ɗora wa kansa horo, sannan ya ƙara ƙoƙari a inda ya ga kasala, ya kuma riƙa yi wa ransa faɗa da nasiha. Ba a buƙatar kuɗi ko digiri kafin a fara wannan aiki, abin da ake buƙata shi ne 'yan mintoci da kuma gaya wa kai gaskiya.

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka kunna rediyo, shirin faɗakarwa ne kuke saurare, kuma ana magana a kan littattafan gyaran zuciya da ikon tunani. Ga kashi na uku, wanda ya shafi littattafan zamani.

A ƙarni na 19 wata tafiya ta ɓulla a Amurka da ake kira Sabon Tunani, wadda ake danganta tushenta ga Phineas Quimby, wani mai gyaran agogo da ya rasu a shekarar 1866, wanda ya ɗauka cewa cuta tana tasowa ne daga gurɓataccen tunani. Daga wannan tushe littattafai da yawa suka fito. A shekarar 1903 James Allen na Ingila ya wallafa As a Man Thinketh, ƙaramin littafi da ke cewa halin mutum 'ya'yan tunaninsa ne. A 1937 Napoleon Hill ya fitar da Think and Grow Rich, a 1952 Norman Vincent Peale, limamin wani coci a birnin New York, ya fitar da The Power of Positive Thinking, sannan a 2006 Rhonda Byrne, 'yar ƙasar Ostareliya mai shirya shirye-shiryen talabijin, ta fitar da The Secret, wanda ya yaɗa abin da ake kira dokar janyowa, wato da'awar cewa tunani yana janyo irinsa daga duniya, ta yadda wanda ya nemi abu, ya gaskata cewa ya riga ya samu, abin zai zo masa.

Adalci ya wajabta a faɗi inda waɗannan littattafai suka dace da gaskiya. Gaskiya ne cewa fassarar da mutum ke yi wa abin da ya same shi tana da tasiri a kan yadda yake ji. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania ya gina hanyar magani a kan wannan tun a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna fama da wasu tunane-tunane masu zuwa da kansu cikin sauri, kuma idan aka koya musu su tsayar da tunanin su tambaye shi hujja, sukan samu sauƙi. Matar da ta kira yayanta sau uku bai ɗauka ba, zuciyarta ta ce ya raina ta ne don ba ta da shi, za ta kwana da ɓacin rai, amma idan ta tambayi kanta mece ce hujjar raini, ta tuna cewa ranar kasuwa ce kuma yakan bar wayar a caji, sai nauyin ya ragu, ko da yake babu abin da ya sauya a waje. Shekara dubu kafin Beck, Abu Zaid Albalki, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa ya kamata mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin natsuwa domin ya yi amfani da su ranar da fushi ko tsoro ko baƙin ciki ya auko, kuma masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Farfesa Malik Badri, ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci.

To, ina aka rabu da waɗannan littattafan zamani? An rabu ne a wajen da aka tsallake gaɓoɓi, aka ce tunani shi kaɗai yana kawo mota da gida da lafiya. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar ƙasar Jamus da ke koyarwa a Jami'ar New York, ta daɗe tana bincike a kan wannan, kuma a cikin ɗaliban da ke gab da gama jami'a ta gano cewa waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun babban aiki su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka kuma fi ƙarancin samun tayi. Dalilin da ta bayar shi ne daɗin mafarkin yana sa jiki ya saki kamar an riga an isa. Abin da ta ga yana amfani shi ne mutum ya hango burinsa, nan take ya hango cikas ɗin da ke cikin kansa, sannan ya tsara abin da zai yi idan cikas ɗin ya taso.

Gazali ya riga ya raba wannan gardama a littafin tsoro da fata, wato na 33, da misalin manomi. Wanda ya nemi ƙasa mai kyau, ya shuka iri mai kyau, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya zauna yana jiran falalar Allah, jiransa shi ne fata na gaskiya. Wanda kuwa ya watsa iri a kan fako, bai shayar ba, bai nome ba, ya zauna yana jiran girbi, jiransa wauta ce da ruɗin kai. A littafin tawakkali kuma ya nuna cewa barin sababin da aka tabbatar yana kaiwa ga biyan buƙata jahilci ne, ko da mai yinsa ya kira shi dogaro ga Allah. Bahaushe ya taƙaita duka da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Akwai wata illa da ta fi wannan muni. Idan aka yarda cewa duk abin da ya sami mutum tunaninsa ne ya janyo, to, an ɗora wa talaka laifin talaucinsa, an ɗora wa mai ciwon sikila laifin ciwonsa, an ɗora wa wanda ambaliya ta cinye gonarsa laifin ambaliyar. Wannan zalunci ne a hankalce, kuma ya saɓa wa imani da ƙaddara, wanda ke koyar da cewa bawa yana da zaɓi a kan aikinsa, sakamako kuwa yana hannun Ubangiji. A sake maimaitawa: tunani yana sauya zuciya, zuciya tana motsa gaɓoɓi, gaɓoɓi ne ke yin aiki, kuma daga nan ikon ɗan Adam ya tsaya.

Masu sauraro, ga kashi na huɗu kuma na ƙarshe, wato ƙa'idojin karatu, kuma guda huɗu ne.

Ƙa'ida ta farko ita ce babu littafin ɗan Adam da ya fi ƙarfin bincike, har da Ihya'u. Malamai sun daɗe suna nuna cewa akwai hadisai masu rauni a cikinsa, har da waɗanda ba a san musu asali ba, shi ya sa Hafizu Al'iraƙi, wanda ya rasu a shekarar 1404, ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu, kuma yawancin bugun da ke kasuwa a yau suna ɗauke da wannan bayani a ƙasan shafi. Ibnul Jauzi ya tace littafin ya kira nasa Minhajul Ƙasidina, daga baya aka ƙara taƙaita shi zuwa Mukhtasaru Minhajil Ƙasidina, wanda ya fi sauƙi ga mai farawa. Mai karatu ya riƙa duba ƙasan shafi kafin ya ɗauki hadisi ya kai wa wani.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a tambayi kowane littafi abin da yake nema daga mai karanta shi. Littafin da ke neman a bar ƙarya, a biya bashi, a haɗiye fushi, a tashi da wuri a nemi na kai, yana kan hanya, ko da wane harshe aka rubuta shi. Malamin Masar Shaihu Muhammadul Gazali, wanda ya rasu a 1996, kuma dabam yake da Imamu Gazali, ya nuna yadda ake yin haka a littafinsa Jaddid Hayataka, inda ya ɗauki shawarwarin Dale Carnegie na Amurka a kan barin damuwa, ya auna su da Alƙur'ani da Sunna, ya karɓi abin da ya dace. Littafin da ba ya neman komai sai a rufe ido a hango kuɗi, marubucinsa kaɗai yake azurtawa.

Ƙa'ida ta uku ita ce a karanta kaɗan a aikata, kuma a karanta a gaban malami ko tare da abokin kirki wanda zai iya gaya wa mutum aibinsa. Wanda ya ɗauki ƙaramin littafin Gazali mai suna Bidayatul Hidaya, ya zaɓi hali ɗaya, misali giba, ya yi wata guda yana yi wa kansa hisabi a kansa kowane dare, ya fi wanda ya tara littattafai hamsin a waya bai sauya komai ba.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce littafi ba ya maye gurbin likita. Albalki da kansa ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke danne mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Duk wanda ya shafe makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kansa yana zuwa masa, to, 'yan'uwansa su kai shi asibiti, su haɗa masa da addu'a, kada a ce masa raunin imani ne ko ƙarancin kyakkyawan tunani.

Jama'a masu sauraro, nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Kira gare ku shi ne kowa ya ware minti goma a daren nan kafin ya kwanta, ya tambayi kansa wane tunani ne ya fi yawan ziyartarsa yau, a wane mataki ya tsayar da shi, kuma wane aiki guda ɗaya zai yi gobe da hannunsa. Iyaye su duba littattafan da 'ya'yansu ke karantawa, malamai kuma su buɗe darasin gyaran zuciya a makarantunsu kamar yadda suke buɗe na fiƙihu da nahawu. Allah ya gyara zukata, ya sa a dace.